Ranar da Aka Kankare Babana Daga Bango

Shekarun baya, daidai lokacin da soja suka koma bariki aka ce mulki ya dawo hannun farar hula, abokina ya sa aka kankare mahaifina daga jikin bango, ya manna sunansa a wurin. Ba zaurance nake muku ba. Da guduma da cizal aka yi aikin, da rana tsaka, a nan Kakuri. Na daɗe ban ba kowa labarin nan ba, sai kwanan nan da na ji ana ta muhawara a rediyo kan dokar kare gine-ginen tarihi, na ce bari in faɗa muku nawa, ku masu bibiyata. Ni ba ɗan boko ba ne, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri.

Mahaifina a masaƙa ya yi aiki, sashen kaɗin zare. Yaran yanzu da suke wucewa ta gaban waɗannan dogayen katangu a cikin Keke ba su san abin da Kakuri take ba. A lokacinmu jiniyar masaƙa ce agogon unguwa. In ta yi kuka da rana, hanya ta cika maƙil da kekuna, mutane na fitowa da farin auduga a gashin kai da gira, saurayi ma sai ka ɗauka furfura ce. Masu abinci sun jera tukwane, ana ta ihu da Hausa da Turancin kasuwa da yarukan kudancin jihar nan. Ina tsayawa a bakin get in jira babana, in ya fito ya ɗora ni a kan sandar keke, ina jin warin man inji a rigarsa har mu isa Makera.

Kowane ma'aikaci yana da lambarsa. Wani ɗan jan ƙarfe ne zagayayye, kamar tsohon kwabo mai huji, an buga masa lambobi a jiki. In ka shiga aiki ka ɗauke ta daga allon bakin get ka rataye a na ciki, in ka tashi ka mayar. Ba a kiran mutum da suna a ciki, da lamba ake kira. Babana ya kan ce turawan masaƙa ba su taɓa sanin sunansa ba, amma ko cikin barci aka kira lambarsa sai ya amsa.

Ma'aikatan nan sun gina wa kansu wani zaure a bayan masaƙar, da aikin gayya, ranakun Asabar. A nan ake taro, a nan ake bikin suna da na aure in gida ya yi kaɗan. Bangon gabas na zauren shi ne abin da nake ba ku labari a kai. Ban san wanda ya fara ba, amma al'ada ce ta kafu: duk ma'aikacin da ya rasu, abokan aikinsa su karɓo lambarsa daga ofis. Kwana uku bayan an binne shi, a kwaɓa siminti cikin tafin hannu ɗaya, a liƙa a bango, babban ɗansa ya danna lambar a ciki da babban yatsa. Shi ke nan. Ba suna, ba kwanan wata. Musulmi su yi addu'arsu, Kirista su yi tasu, a watse. In ka tsaya daga nesa bangon ba shi da kyan gani ko kaɗan, duk dunƙule-dunƙulen siminti ne kamar gidan zanzaro. Sai ka matso kusa za ka ga kowane dunƙule da ƙarfensa a tsakiya, da shatin yatsa a gefe.

Ina shekara goma sha huɗu tari ya kwantar da babana, tarin nan da audugar take sa wa mutane a ƙirji, bai tashi ba har ya rasu. Ranar da aka kai ni gaban bangon, na danna lambar ta karkace. Wani dattijo Kirista, mutumin kudancin Kaduna, wanda shi yake riƙe da makullin zauren, kowa Baba yake ce masa, ya riƙe mini wuyan hannu ya ce, "Bar ta haka, ɗana. Babanka ma da karkatacciyar hula yake yawo." Mutane suka yi dariya suna share hawaye. A haka ta bushe, a karkace, layi na huɗu, kusa da taga.

Daga nan makaranta ta ƙare mini, aka kai ni koyon walda. Babana bai taɓa ɗaukar hoto ba, ya ce ba ya so. Kabarinsa kuwa, kun san yadda maƙabartunmu suke, damina biyu uku ƙasa ta baje, an yi wasu a gefe, har na daina gane wurin. Kekensa an sayar. Abin da ya rage na mutumin nan a duniya wanda zan iya sa hannu in taɓa, wannan ƙarfen ne kawai.

Na riƙa zuwa zauren in na tashi daga aiki, in taya Baba shara. Yana nuna mini lambobin ɗaya bayan ɗaya yana faɗin masu su: wannan sashen rini yake, hannunsa bai taɓa rabuwa da shuɗi ba, wannan shi ne mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon masaƙa, wannan mace ce, 'yarta ta danna mata don ba ta da ɗa namiji, aka yi ta gardama kafin a yarda. Ni da lissafi ya gagare ni a aji, sai ga shi na haddace bangon nan kaf, layi-layi, daga sama har ƙasa. Malaminmu da ya ce kaina kwakwa ce, da ya gani da ya ba ni haƙuri.

Mahaifiyata kuma duk Juma'a in za ta kasuwa sai ta biya. Da idonta ya fara rauni, da hannu take nemo shi. Ta dafa bakin taga, ta auna taƙi biyu zuwa dama, ta sauko kaɗan, sai yatsanta ya faɗa a kan karkatacciyar lambar. Ta ɗan tsaya, ta gyara mayafi, ta wuce.

Lokacin da gari ya rikice, mutane suka shiga kwashe kaya kowa na neman unguwar da zai kwana lafiya, an ƙona wurare da yawa a ɓangarenmu. Zauren nan ko taga ba a fasa ba. Baba ya ce mini, "Wa zai taɓa? Ka duba bangon ka nuna mini wanne ne na masallaci, wanne ne na coci." Gaskiyarsa, ba mai iya nunawa sai ni da shi.

To, abokina. Tare muka tashi, layi ɗaya a Makera, babansa ma a masaƙar yake. Shi ya samu ya yi karatu har Zariya. Da siyasa ta dawo ya fito takarar kansila, ni ne na yi masa waldar duk allunan kamfen ɗinsa, na bi shi gida-gida har Unguwar Sanusi inda ba ma mazaɓarsa ba ce, don tsabar zumuɗi. Ya ci. Muka koma ce masa Honorabul, da farko da tsokana, daga baya ya zama in ba ka ce ba sai ya ɓata rai.

Wata rana da hantsi ya tsaya a bakin rumfata, bai ko fito daga mota ba.

"Injiniya, zo ka ji. An ce majalisar jiha za ta yi doka a kan gine-ginen tarihi. Duk ginin da ya shiga lissafi, ba mai rushe shi, ba mai sayar da shi. Za a turo kwamiti su zagaya su duba. Na sa sunan zaurenmu."

Na cire gilashin walda na ce, "Ka rantse."

"Wallahi. Sati mai zuwa za su zo."

Ku sani a lokacin masaƙar ta fara tangal-tangal, ana sallamar mutane, kowa na raɗe-raɗin za a sayar da filayen baya. Na daɗe ina kwana da tsoron ranar da za a kawo katafila. Sai ga doka za ta zo ta tsaya wa babana. Na kama hannun Honorabul ta tagar mota na yi ta girgizawa har na shafa masa baƙi a hannun farar riga.

Ya ce, "Amma fa ka san manyan mutane ne za su zo, har da 'yan jarida. Ba za mu bar su su ga wurin nan kamar kango ba. Ai sai a ce mutanen Kakuri ƙazamai ne."

Na ce, "Ƙwarai kuwa. A ɗan gyara."

Ni na faɗi wannan da bakina, ba zan ɓoye muku ba. Haka muka taso. In babban baƙo zai zo, a share, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a ɓoye tsummokara a ƙarƙashin gado. A raina gyara shi ne shara da fenti a ƙofa. Ban tambaye shi shi me yake nufi ba. Ya ba ni awo a takarda ya ce in yi masa firam na ƙarfe mai kyau, na wani allo da za a kafa. Na zauna na yi shi da zuciya ɗaya, na goge, na shafa masa fenti ruwan zinare, har da 'yan furanni na lanƙwasa a kusurwa, abin da ba a ma sa ni ba. Sannan na tafi Gonin Gora wani aikin kafa get da tagogi, kwana huɗu.

Ranar da na dawo ko gida ban je ba, na sauka daga bas na nufi zauren in ga gyara. Tun daga nesa na hango Baba zaune a kan bulo a waje, makullai a cinyarsa. Da ya gan ni bai tashi ba.

"Baba, lafiya?"

"Ɗana, dem don komot am. Sun cire. Duka."

Na shiga. Bangon gabas fari fat, an manne shi da tayil irin na banɗaki daga sama har ƙasa, sai sheƙi yake yi. A tsakiya ga allon dutse, an sassaƙa cewa an sabunta wannan zaure a zamanin Honorabul wane, da sunansa cikakke har da na kakansa. Allon yana zaune daram a cikin firam ɗina mai furanni.

Baba ya ce ya tare maginan da Honorabul ya kawo. Magina suka ce tayil ba ya zama a kan ƙulu-ƙulu, dole a fasa a daidaita bango. Ya je ya samu Honorabul, shi kuma Honorabul ya ce masa, "Baba, zamani ya canza, ku bar mu mu yi abin da ido zai gani." Tsoho ɗaya, me zai yi da majiya ƙarfi shida? Ya ce ya tsaya yana jin ƙarar ƙarafan suna faɗowa ƙasa, yana kiran masu su a ransa. Ya sunkuya zai tsince, shugaban maginan ya ce kada ya tsayar musu da aiki, aka kwashe komai da shebur aka zuba a tifa.

Na bi tifar nan da tambaya. An juye ɓaraguzan a wani rami da ruwa ya ci a hanyar bakin kogi. Kwana uku ina tono da hannu da guntun rodi, mutane na wucewa suna kallona, wata mai sayar da masara har ta tambaye ni ko zobe na yar. Masu tsintar ƙarfe sun riga ni, jan ƙarfe ba ya kwana a bola. Na samu guda biyu kacal, ba ta babana a ciki. Na san masu su, na kai wa iyalansu. Ɗaya matar ta karɓa ta rufe ƙofa, ina jin kukanta har na fita daga layin.

Ranar da kwamiti suka zo an kafa rumfa, an kawo makaɗa, Honorabul ya sha babbar riga. A cikinsu akwai wani dattijo siriri mai tabarau da kyamara a wuya, da gani shi ne ya san aikin. Ya shiga zauren ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce, "An gaya mini akwai bangon da ma'aikata suke sa lambobin mamatansu. Yana ina?"

Honorabul ya nuna tayil da alfahari ya ce, "Ga shi nan, ranka ya daɗe, mun gyara shi saboda zuwanku."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Ya je ya shafa bangon, ya ƙwanƙwasa. Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Honorabul, doka abin da aka gada take karewa. Wannan ai shekaranjiya aka yi shi. Me zan rubuta?" Ko murfin kyamarar bai cire ba. Makaɗa a waje ba su san abin da ake ciki ba, suna ta wasa Honorabul. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ya kamata in yi magana a ranar, amma sai na juya na fita.

Mahaifiyata na ɓoye wa, don wauta, kamar abin zai ɓoyu. Juma'a ta zo ta ce in raka ta. Na ce zauren a kulle yake. Ta ce, "Tun yaushe Baba yake kulle mini ƙofa?" Muka je. Ta dafa bakin taga, ta auna taƙi biyu, ta sauko. Hannunta ya zame a kan tayil. Ta koma ta sake aunawa daga farko. Sau uku. Sannan ta ce, "Ya yi santsi." Ba ta sake bin hanyar ba har Allah ya karɓi ranta.

Sauran kun iya cikewa da kanku. Zauren bai shiga lissafi ba. Ko an yi dokar a lokacin, ko ta tsaya a takarda, ni ban bi ba, don ba ni da sauran abin da za ta kare mini. Masaƙa ta rufe. Baba ya koma ƙauyensu, daga baya na ji rasuwarsa. Aka sayar da filin, yau shaguna ne a jere. Daidai inda tagar take akwai mai sayar da kayan gyaran Keke. Wani lokaci na kan tsaya in sayi abin da ba na bukata, don kawai in ɗan jima a wurin.

Mutane suna ce mini ai mamaci addu'a yake so, ba ƙarfe ba. Na sani, ina kuma yi. Amma wanda yake da hoton babansa a falo ba zai gane ba. Ni fuskar babana ma ta fara ɓace mini. Ina tuna hular, ina tuna warin rigar, fuskar kuwa sai in yi ta ƙoƙari ta ƙi zuwa. A da in haka ta faru sai in je in sa babban yatsana a cikin shatin da na bari ina yaro, ya yi mini kaɗan, amma ina jin kamar mun gaisa. Abin da na koya, in ma koyo ne, shi ne mu kunyar abinmu muke ji in bai yi ƙyalli ba. Ba katafila ce ta ci bangon nan ba, ba kuma masu ƙone-ƙone ba. Mu ne, garin mu burge baƙo. Ina sa kaina a ciki, don ni na ce a ɗan gyara.

Ni da abokina ba mu sake zama ba. In mun haɗu a jana'iza mu yi musabaha, iyakarta ke nan. Sai bayan shekaru, ya faɗi zaɓe, motar ta tafi, babbar rigar ta koɗe, wata rana da la'asar ya zo rumfata da ƙafa, da littafi da biro a hannu. Ya zauna a kan benci ba tare da na ce ya zauna ba.

"Injiniya, ka yi furfura."

"Kai ma, Honorabul. Me ke tafe da kai?"

Ya ce maganar dokar ta sake tasowa, wasu 'ya'yan tsofaffin ma'aikata suna so a kafa allo a bakin hanya, a rubuta lambobin da suke bangon da sunayen masu su, sun sa shi a gaba. Sun nemi takardun masaƙa, ba a san inda suke ba. Kowa ya ce masa mutum ɗaya ne ya rage da ya san bangon.

"Na san na yi kuskure," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Ka taimaka. Ka faɗa, ni in rubuta."

Na kashe injin walda. Na ce masa ya buɗe littafin. Na fara daga layi na farko, lamba da suna, lamba da suna, yana rubutawa hannunsa na sauri, har ya cika shafi ya juya. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na iso layi na shida na tsallake guda, na ce ya bar fili. Da muka gama ya duba ya ce, "Wannan filin fa, na waye?"

Na ce, "Na babanka ne. Faɗi lambarsa."

Ya kalli rufin rumfa. Ya faɗi wata lamba, na girgiza kai. Ya sake faɗin wata.

Na ce masa, "Ranar da aka sa ta kana Zariya kana jarrabawa, ka aiko cewa ba za ka samu zuwa ba. Mahaifiyarka ta kama hannuna ta ce ni ma ɗanta ne. Ni na danna wa babanka lambarsa, shatin yatsana ne a gefenta, shi ma ka sa aka fasa aka zuba a rami. Na ba ka ta kowa, har ta babana na ba ka, don 'ya'yansu ba su yi mini komai ba. Wannan guda ɗaya kuwa tana nan a kaina, kuma a nan za ta zauna. Ka je ka kafa allonka da filin a jiki, duk wanda ya tambaye ka na waye, kai za ka ba shi amsa."